Yadda Ake Tara Tsofaffin Faya-fayan Garmaho na Kiɗan Fiyano, Daga Allura Har Zuwa Kanta

Tambayoyin da masu karatu ke aiko mini a kan tsofaffin faya-fayan fiyano kusan duk hanya ɗaya suke bi. Mutum ya samu faifai baƙi wuluk mai nauyi, ya ɗora a injin da yake da shi a gida, sai ya ji ƙara kamar ana suya, fiyanon kuma yana can ƙasa kamar daga cikin rijiya. Sai ya rubuto yana tambaya ko faifan ne ya mutu, ko kuwa haka aka yi shi tun asali. Sau da yawa faifan lafiyarsa lau, kayan da aka ɗora shi a kai ne ba nasa ba. Fiyano kuwa ba ya rufa wa kuskure asiri. Mai waƙa ko mai goge muryarsa na rawa da ma, ƙaramar tangarɗa sai ta ɓuya a ciki, amma sautin fiyano a tsaye yake cak, da zarar gudun faifai ya karkace kunne zai kama. Shi ya sa na jera matakan nan yadda na jera su, kuma ina roƙo a bi su a haka: kayan ji tukuna, faifai daga baya.

1. Zaɓi zamanin da za ka tara

Shekarar 1925 ita ce ta raba gari biyu. Kafin ta babu makirufo a ɗakin ɗaukar sauti. Ƙaton ƙaho ne ake kafawa, sauti ya shiga ya girgiza wata 'yar fata, ita kuma ta tura allurar da ke yanka kaki. Wannan hanya ba ta kama sauti mai kauri na hannun hagu, ba ta kama siriri na can sama, tsakiya kawai take riƙewa. Don haka a ɗakuna da yawa fiyano na tsaye ake amfani da shi, a cire murfin bayansa, a ɗora shi a kan dakali har allon sautinsa ya daidaita da bakin ƙahon, wani lokaci a kankare ulun gudumominsa don sautin ya yi kaifi. Mai kiɗa kuma a ce masa ya rage taka feda, ya kuma daina kiɗa a hankali sosai. Idan ka ji fiyano a faifan 1910 yana ƙara kamar kwano, to ka san ba lallai hannun makaɗin ba ne.

Daga 1925, da kamfanonin Victor da Columbia suka karɓi tsarin lantarki na Western Electric, sai babban fiyano na kwance ya shigo da cikakkiyar muryarsa. Shawarata ga mai farawa ita ce ya tsaya tsakanin 1926 da 1939. A nan ne Wilhelm Backhaus ya ɗauki darussan Chopin a 1928, Rachmaninoff ya ɗauki konshato ɗinsa na biyu, wato kiɗan fiyano tare da babban rukunin makaɗa, da makaɗan Filadelfiya ƙarƙashin jagoransu Stokowski a 1929, Artur Schnabel ya ɗauki sonatocin Beethoven, wato dogayen kaɗe-kaɗensa na fiyano shi kaɗai, duka 32 tsakanin 1932 da 1935 a ɗakin Abbey Road na Landan a kan fiyanon Bechstein, Edwin Fischer kuma ya yi babban aikinsa na Bach daga 1933 zuwa 1936. An buga irin waɗannan da yawa, suna da sauƙin samu, gudunsu kuma ya fi kusa da daidai.

Faya-fayan da mashahuran masu tsara kiɗa suka kaɗa da hannunsu, kamar waɗanda Grieg ya ɗauka a Faris a 1903, ko na Saint-Saëns a 1904, ko waɗanda Debussy ya raka mawaƙiya Mary Garden a wannan shekarar, ka fara jin su a sabon bugu na kamfanoni irin su Marston, APR ko Naxos. Na asali ba su da yawa a duniya, tsadarsu kuma ba ta mai koyo ba ce.

Hattara: akwai faya-fayan zamani da ke ɗauke da sunan tsohon makaɗi amma daga naɗaɗɗiyar takardar fiyano mai kaɗa kansa aka kwafo su, irin su Welte-Mignon, Duo-Art da Ampico. Sautinsu tas yake domin sabon fiyano ne ake ji, ba wanda makaɗin ya taɓa ba. Suna da nasu daɗin, amma wani fage ne daban.

2. Sayi injin juya faifai kafin faifai

Abu biyu kake nema: injin da ke juyi 78 a minti, gudun da ya sa ake kiran waɗannan faya-fayai 78, da kuma maɓallin ƙara gudu ko rage shi. Na biyun ba ado ba ne, za ka ga amfaninsa a mataki na takwas. Audio-Technica AT-LP120 yana da duka biyun, kuma da shi mutane da yawa suke farawa. Tsohon Lenco L75 masu tarawa suna ƙaunarsa domin gudunsa yana zamewa daga ƙasa har ya wuce 80 ba tare da tsalle ba. Idan Technics za ka saya, ka duba da kyau, domin sanannen SL-1200 MK2 ba ya 78, sababbin irin su GR ne ke yi. Kuɗin inji mai kyau 'yan ɗaruruwan dala ne, kuma shi ne kashi mafi girma na abin da za ka kashe a shekarar farko.

Garmahon da ake wanawa da hannu, mai ƙaho ko mai akwati, yana da kwarjini, ni ma ina son kallonsa. Amma nauyin da kansa ke dannawa a kan faifai ya kai giram ɗari ko fiye, injin zamani kuwa giram uku zuwa biyar. Idan ka nace sai ka ji yadda mutanen da suke ji, ka ware masa faya-fayan da ba ka jin asararsu, kuma allurar ƙarfe guda gefe guda take yi, a jefar. Maimaita ta shi ne ya kashe yawancin faya-fayan da za ka gani sun yi toka-toka.

3. Allura

Layin faifan 78 ya ninka na faifan LP, wato faifan roba mai dogon kiɗa da ya zo daga baya, faɗi kusan sau huɗu. Allurar LP kaurin bakinta mil 0.7 ne, mil kuwa kashi ɗaya cikin dubu na inci. Ta 78 mil 2.5 zuwa 3 ce. Idan ka sa siririyar, sai ta faɗa can gindin layin inda babu kiɗa sai datti, ta riƙa yawo hagu da dama. Wannan ce ƙarar suyar da aka fi kawo mini ƙorafi a kai.

Ka fara da kan allura da aka yi don 78, kamar Ortofon 2M 78 ko Audio-Technica VM95SP. Ka ɗaura shi a kan mariƙinsa na daban don ka riƙa cirewa da mayarwa ba tare da kwance wayoyi ba. In tafiya ta yi nisa za ka so ƙarin allurai, mil 3.5 ko 4 don faya-fayan zamanin ƙaho, domin allura mai kauri tana hawa saman inda ta ƙarfe ta cinye, ta taɓa bangon da bai lalace ba. Na sha ganin faifan da na yanke wa ƙauna ya dawo da rai don kawai an canza allura.

Sautin waɗannan faya-fayai na kafa ɗaya ne. Idan amfilifayarka tana da maɓallin mono, danna shi, rabin ƙarar za ta tafi nan take.

Hattara: faya-fayan kamfanin Edison masu kauri da tsofaffin na kamfanin Pathé layinsu sama da ƙasa yake motsi, ba gefe da gefe ba. Kada allurar ƙarfe ta kusance su. A injin zamani kuma sai an juya wayoyin kafa ɗaya na kan allurar kafin a haɗe su, in ba haka ba kiɗan ne zai ɓace, ƙarar ta rage. Wannan ya shafi mai neman Rachmaninoff na farko, domin a kamfanin Edison ya fara ɗauka a 1919 kafin ya koma Victor a 1920.

4. Koyi karanta faifai

A nan ne daɗin abin yake, kuma a nan ne mai sani ke rabuwa da mai saye a makance.

Fara da takardar tsakiya. Kamfanoni da yawa suna rubuta sunan fiyanon da aka kaɗa, musamman a Jamus da Faransa. Za ka ga an rubuta Bechstein-Flügel ko Blüthner-Flügel ko Steinway-Flügel, kalmar Flügel ɗin babban fiyano take nufi. A na Faransa sai ka ga Piano Pleyel ko Piano Gaveau ko Erard. Ka riƙa rubuta wannan a littafinka, domin bayan wata 'yan watanni kunnenka zai fara rarrabewa da kansa: Bechstein na wancan zamani sautinsa garau yake, kowace murya a bayyane, Pleyel da Erard sun fi sauƙi da saurin yankewa, Steinway ya fi cika da tsawon numfashi. A yau kusan duk babban zauren kiɗa Steinway ne a ciki, saboda haka waɗannan faya-fayai suna riƙe da muryoyin da kunne bai cika samu ba. Ni wannan ne dalilina na tara su. Inda takarda ba ta faɗi sunan fiyano ba, kada ka ɗauki abin da mai sayarwa ya ce. Makaɗi yana iya ƙaunar wani fiyano a gidansa, a ɗakin ɗauka kuma ya kaɗa wanda ya tarar.

Haruffan lambar faifai ma suna magana. A kamfanin HMV na Ingila, DB jan faifai ne mai inci 12 na manyan makaɗa, DA ƙaraminsa mai inci 10, C da B kuma masu launin ja mai duhu ne masu araha. Mai inci 10 yana ɗaukar kamar minti uku a gefe, mai inci 12 minti huɗu zuwa biyar. Faifan manyan makaɗa mai kiɗa a gefe ɗaya kawai, bayansa a shafe, galibi ya girmi 1924.

Sai ka karkata faifan a haske ka duba santsin da ke tsakanin takarda da layin ƙarshe. Akwai lamba da aka tona a wurin, ita ce lambar uwar faifai, a ƙarshenta kuma akwai ƙaramar lamba mai nuna ɗauka ta nawa ce. Wannan ita ce shaidar haihuwa. A faifan Victor, haruffan VE a cikin zobe suna nufin ɗaukar lantarki. A HMV ɗan alwatika ne, a Columbia harafin W a cikin da'ira. Da wannan lamba za ka shiga taskar Discography of American Historical Recordings ta Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, ko taskar CHARM ta Ingila, ka ga ranar da aka yi ɗaukar. Duka biyun kyauta ne a intanet.

Me ya sa ake wannan wahala? Domin makaɗi ɗaya yakan ɗauki kiɗa ɗaya sau biyu ko uku a rayuwarsa, kamfani kuma yakan maye tsohuwar ɗauka da sabuwa ba tare da ya canza lambar takarda ba. Rachmaninoff kansa ya ɗauki konshaton nan na biyu a 1924 da ƙaho kafin na 1929.

5. Duba lafiyarsa kafin ka biya

Riƙe faifan da tafukan hannu biyu a gefe, ka haska tocila a karkace. Abin da kake so shi ne baƙi mai sheƙi. Inda ya yi fari-fari ko toka, musamman a wuraren da layin ya yi faɗi domin kiɗan ya yi ƙarfi, allurar ƙarfe ta riga ta ci, wanki kuma ba ya mayar da shi. A faifan fiyano wannan lalacewa ta fi muni, domin kowane bugu mai ƙarfi zai fito da kaushi kamar an yaga takarda.

Nemi tsaga siririya kamar gashi daga baki zuwa ciki. Ɗora faifan a kan yatsa ta ramin tsakiya ka ƙwanƙwasa gefensa da farce a hankali: lafiyayye yana amsawa garau, mai tsaga yana yin dum. Duba ramin tsakiyar ma, kada ya zama ya buɗe ko ya gutsure.

Masu sayarwa daga nesa suna amfani da haruffa: N sabo, E mai kyau ƙwarai, V ya sha jiki amma yana jiyuwa, G da P kuwa sun gaji. Ga fiyano kada ka sauka ƙasa da E ko E mai alamar ragi (E-), sai in faifan da wuya a same shi.

Hattara: dogon kiɗa a kundi yake zuwa, faifai uku ko biyar ko fiye. Ƙirga gefuna duka. Kuma kundi iri biyu ne. A na juyawa da hannu, faifan farko yana da gefe 1 da 2. A na injin da ke sauke faifai da kansa, kundi mai faifai uku yana da 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4. A Victor harafin M na hannu ne, DM na injin saukewa. Idan faifai ɗaya ya fashe, ba za ka iya cike gurbinsa da na ɗayan irin ba.

Bugun lokacin yaƙin duniya na biyu yakan fi ƙara, domin shalak, wato ƙaron da wani ƙwaro ke fitarwa a Indiya da maƙwabtanta, ya yi ƙaranci, aka riƙa narka tsofaffin faya-fayai ana sake bugawa. In ka samu zaɓi, ɗauki bugun kafin yaƙi.

6. Kuɗi da jigila

Yawancin faya-fayan fiyano na zamanin lantarki ba su wuce dala kaɗan ba, wani lokaci ma magada neman wanda zai kwashe suke yi. Abin da ke cin kuɗi jigila ce, domin faifai mai inci 12 ya kai kusan sulusin kilo. Gara ka tara saye daga mutum ɗaya ya aiko a tare.

Kafin ka tura kuɗi, tambaye shi yadda zai ɗaure. Amsar da kake so: a cire faya-fayan daga kundi, a matse su tsakanin kwalaye masu tauri a ɗaure tamau har ba sa motsi, a sa wannan ƙunshin a tsakiyar wani babban kwali da abin cikawa ta kowane gefe. Wanda ya ce zai sa a ambulan irin na LP, ka janye. Na taɓa yin kawaici a kan wannan tambaya don kada in ɓata wa wani mai sayarwa rai, kundin Schnabel ya iso mini faifai biyu a farfashe.

7. Wanki

Kada alkohol ko sifirit ya taɓa shalak, narkar da shi yake yi. Yawancin ruwan wanke faifan LP akwai alkohol a ciki, karanta kwalba tukuna.

Ka samu tataccen ruwa wanda aka tara daga tururi, ka ɗiga masa ɗigo ɗaya ko biyu na sabulun wanke kwano mara turare. Shimfiɗa faifan a kan tawul mai tsabta, ka bi layin da buroshi mai laushi a zagaye, kada ka ratsa. Kare takardar tsakiya, jan launi musamman yana zuba. Ɗauraye da tataccen ruwa zalla, ka tsane da ƙyalle mara gashi, ka jingine shi ya kwana kafin ka ɗora allura. Ruwan zafi ko na sanyi ƙarara duka ba su dace ba.

Hattara: faya-fayan Columbia da yawa shimfiɗa-shimfiɗa ne, akwai takarda a cikinsu, kada ka tsoma su cikin ruwa ko ka bar ruwa ya zauna a bakinsu. Na Edison ba sa son ruwa ko kaɗan domin cikinsu yana kumbura. Faifan da ka ga ƙarfe ko gilashi yana leƙowa ta raminsa kuwa, irin wanda ake yankawa guda ɗaya a gidan rediyo, kada ka wanke shi da kanka.

8. Daidaita gudu

Sunan 78 suna ne kawai. Sai wajen 1925 aka fara tsayawa a kansa, kuma ko bayan nan Columbia ta Ingila ta ɗan jima tana buga 80. Victor na zamanin ƙaho da yawa sun fi kusa da 76, Edison 80, tsofaffin Pathé kuma 90 ko fiye. Bambancin juyi huɗu da rabi zuwa biyar yana ɗaga kiɗa rabin mataki cur, ya kuma sa makaɗi ya zama kamar mai gaggawa.

Ga yadda ake yi. Nemi mabuɗin da aka rubuta kiɗan a kai, wato sautin da aka gina shi a kansa, sau da yawa yana jikin takarda. Saka manhajar gwada sauti a waya, ko ka zauna kusa da fiyano mai saiti. Kunna faifan, jira wurin da makaɗi ya riƙe sauti ɗaya mai tsawo, ka matsa maɓallin gudu har su haɗu. Ka tuna cewa sautin A mai girgiza 440 a daƙiƙa sai a 1939 aka amince da shi a taron Landan, Faransa kuma ta daɗe a kan 435, don haka faifan Faris yana iya zama ƙasa kaɗan kuma daidai ne. Gwada farkon gefe da ƙarshensa, domin injin yanka na da yakan sauya gudu a hanya. Rubuta gudun da ka samu a jikin rigar faifan da fensir.

Idan sautin yana hawa yana sauka sau ɗaya a kowane juyi, ka kalli hannun allura. In yana lilo hagu da dama, ramin ba a tsakiya yake ba. Ɗora faifan a kan tabarmar roba mai kauri har ya haye saman sandar tsakiya, ka riƙa tura shi kaɗan-kaɗan har lilon ya tsaya.

9. Gyara launin sauti, ka kwafa

Mashigar faifai ta amfilifayar zamani tana bin ma'aunin RIAA na 1954, wato ƙa'idar daidaita kauri da siririn sauti da kamfanonin faifai suka amince da ita. Faya-fayan da suka girme shi ba da shi aka yanka su ba, shi ya sa suke fitowa a dushe, ƙasan ya yi nauyi. Gyara na gaggawa shi ne ka rage kauri ka ƙara siriri a amfilifaya. Gyara na gaske shi ne ka kwafi faifan a kwamfuta da manhajar Audacity, wadda kyauta ce, ka warware RIAA ka sa ma'aunin da ya dace da kamfanin. Faifan zamanin ƙaho ba a yanka shi da wani ma'auni ba.

Ajiye kwafin farko yadda yake, ka yi gyara a kan na biyu. Cire ƙas-ƙas ɗaya bayan ɗaya ba laifi, amma kada ka matse shuuu ɗin baya da ƙarfi. Farkon bugun guduma da wutsiyar sautin da ke mutuwa a hankali a cikin wannan shuuu suke zaune, in ka kore ta sai fiyanon ya koma kamar na roba.

10. Ajiya

A tsaye ake jera su, cikin riga ta takarda mai kauri, da katako mai rabawa bayan kowane faifai ashirin ko makamancin haka don kada su jingina da juna. Kada ka haɗa masu inci 10 da masu inci 12 a jeri ɗaya, manyan za su lanƙwashe a inda ƙananan suka ƙare. Kanta ta zama mai ƙarfi kuma kusa da ƙasa, domin faifai ɗari masu inci 12 sun wuce kilo talatin. Nesa da rana, nesa da bango mai danshi, fumfuna tana cin shalak ta bar tabon da ba ya fita.

Tsohon kundi mai shafuka yana da kyau a ido, amma shi ne ke gutsure bakin faifai: faifan ya zame zuwa ɗinki, ka juya shafi, ka ji ƙas. Fitar da faya-fayan ka sa kowanne a rigarsa, ka jera kundin babu komai a ciki kusa da su. In kuma dole ka buɗe wanda ke cike, tsayar da shi a kan tebur tukuna, ka girgiza shi a hankali faya-fayan su matsa nesa da ɗinkin, sannan ka buɗe shafi ɗaya-ɗaya.